Laraba da Alhamis Ba Na Gwamnati Ba Ne

Agiye, 5 ga Yuni 1961

Zuwa ga Baba Nomau, mai garin Garin Jaye, ƙasar Sae Sabuwa.

Daga Chindo ɗan marigayi Na'Allah, jikan Tala wan mahaifinka, mai riƙe da satifika da dipilom ta malanta, mushe, wato malamin aji uku, a lakol, makarantar boko ta Agiye. Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da dabbobi, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta. Ni ƙalau nake. A gaishe mini da Gwaggo Delu, wadda ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata.

Bayan haka, maƙasudin wannan takarda guda ne, ba kuma zan yi kewaye ba. Mudi mai jakuna ya shaida mini cewa kwamitin garinku ya share gonar gujiya da sunan ci gaban ƙasa, za a sayar da amfaninta a gina rijiyar siminti, kuma an wajabta wa kowane baligi, mace da namiji, aikin Laraba da Alhamis a cikinta har damina ta fita. Ya ce kai ke sa a yi shela. Ina roƙonka, da dukkan ladabi, ka janye bakinka daga wannan al'amari, ga kuma hujjojina.

Baba, mene ne gwamnati? Bilhasali ɗan gadi ce da jama'a suka ɗauka, ta tsare su daga ɓarawo da mahari, ta raba gardama tsakanin mutum biyu bisa adalci. Wannan hurumi nata ne, ba na jayayya da shi. Amma ɗan gadin da aka ajiye a ƙofar gida, ran da ya shigo tsakar gida ya fara rarraba wa matan gida aiki, ya tashi daga ma'aikaci ya zama ubangida, alhali ba wanda ya naɗa shi. Ikon da ba a shata masa iyaka ba, shi da kansa ba ya tsayawa.

Ka fi ni sanin aikin dole. Kai ka ɗauko mahaifina a kan jaki daga aikin hanya, da tarin da bai rabu da shi ba har kabari. An soke wannan aiki tun 1946. Shin mun karɓi mulkin kai bara ne domin a dawo da shi da sabon suna? Idan bulala ta sauka a bayan mutum, bayansa ba ya tambayar launin hannun da ya riƙe ta. Daɗin daɗawa, tsarin mulkin da aka kafa a watan Nuwamba ya buɗe ne da riƙo da haƙƙoƙin ɗan Adam, kuma farkon haƙƙi shi ne mutum ya mallaki jikinsa da guminsa. Tsarin mulki ba takunkumi ne a kan talaka ba. Dabaibayi ne a ƙafar mai iko.

Kada ka ce wannan ilimin Nasara ne. A gidanmu na fara ganinsa. Gandu na maigida ne, yana da Asabar zuwa Talata, kowa ya fita ba musu. Juma'a ta masallaci ce. Laraba da Alhamis kuwa na gamana ne, 'yar gonar da kowace mace da kowane saurayi ke nomawa don kansa. Kakana Tala mutum ne mai zafi, an ce ko kare ba ya haushi idan yana magana, amma bai taɓa kiran kowa gandu ran Laraba ba, bai kuma taɓa leƙa rumbun matarsa ba. Ikonsa cikakke ne a cikin kwana huɗu, a wajensu kuwa ba shi da ko ɗaya. Abin da Tala bai yi wa iyalinsa ba, ta wace ƙa'ida kwamiti zai yi wa gari?

Za a ce rijiya alheri ce. Haƙiƙa alheri ce. Sai dai kyawun manufa ba ya halatta tilas, in ba haka ba kowane azzalumi yana da rijiyar da zai nuna. Muna da gayya: a roƙi mutane, a dama fura, wanda ya ga dama ya zo. Bambancin gayya da aikin dole shi ne ana iya cewa a'a.

Gwaggo Delu ba ta da miji, ba ta da ɗa sai ni da ke nesa. Gamanarta ita ce cinta na rani. An yi shuka, noman farko ya ƙarato. Idan aka ƙwace mata kwana biyun nan, ciyawa za ta ci hatsinta, kuma ba kwamiti ne zai cika mata tukunya ba.

Saboda haka ina buƙatar amsa a rubuce, bayyananniya, kafin Litinin 19 ga wannan wata: za ka ci gaba da shelar, ko za ka bari?

Ɗanka mai biyayya,
Chindo Na'Allah


Agiye, 26 ga Yuni 1961

Zuwa ga Baba Nomau.

Gaisuwa da fatan lafiya. Ni ma lafiya, sai zuciya da ba ta kwanta ba.

Wa'adin da na ɗiba ya wuce da mako guda. Mudi ya rantse mini ya sa takardata a hannunka tun goma ga wata, bai kuma sake komawa wajenku ba. Don haka ba ɓata ta yi ba, shiru aka zaɓa. Ni kuwa shirun mai iko a gaban hujja ina fassara shi da ɗayan biyu: ko ba shi da amsa, ko yana tsoron amsar da yake da ita.

Zan faɗi abin da ladabi ya hana ni faɗa a baya. Ina zaton rawanin nan ya fi maka nauyi a zuci bisa ga Gwaggo Delu. Ina zaton ka auna fushin kwamiti da yunwar tsohuwa a mizani guda, ka ga tsohuwa ba ta da nauyi. Irin wannan tsoro shi ne takin da mulkin kama-karya ke tsirowa a kai. Babu mai danniya da ya taɓa danne ƙasa da hannunsa shi kaɗai. Masu garin da ke cewa "umarni aka ba ni" su ne hannuwansa. Mutumin da ya ɗauko gawar ɗan'uwansa da rai daga aikin dole, yau shi ke tura 'yar'uwarsa cikinsa. Ban san sunan da zan ba wannan ba sai ragwanta.

A nan an kusa gama noman farko. Na san halin da gonarta ke ciki ko ban gani ba.

Idan na yi kuskure, takarda ɗaya ta isa ta ƙaryata ni.

Chindo


Garin Jaye, Lahadi, sha takwas ga Muharram

Daga Delu zuwa ga ɗana Chindo. Malam Harouna liman ne ke rubutawa da ajami, ni ke faɗi. Ka nemi wanda zai karanta maka in lakol ta mantar da kai.

Ina gaishe ka. Lafiyata lau, sai baya. Mutanen gida suna gaishe ka, ban da Nomau, don ba ya nan. Yau kwanansa sha biyar a hannun gardi, dogaran gwamnati.

Chindo, kai da ka san dokar duniya duka, ba ka san wa ke karanta boko a Garin Jaye ba? Mutum ɗaya ne, Barmo tsohon soja, kuma shi ne magatakardan kwamiti.

Ran da takardarka ta zo, Nomau murna ya yi. Ya sa babbar riga, ya aika anka kira dattawa zaure, wai ɗanmu mushe ya aiko da gaisuwa. Mu mata muna bayan danga muna ji. Malam Harouna ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce wannan ba rubutunsa ba ne. Sai anka kira Barmo. Da fari daɗi, har da sunana a ciki, mata suna zungurina. Kalmominka kuwa, cikin uku ɗaya nake ganewa. Akwai wadda ta sarƙe wa Barmo a baki sau biyu har maza sunka yi dariya. Da ya kai wajen ɗan gadi, dariya ta ƙare. Ya tsaya ya ce sauran ba na taro ba ne. Nomau ya ce masa, "Ka fara a gaban mutane, ka ƙare a gabansu." Ya karanta har sunanka na ƙarshe, sannan ya naɗe ta ya sa aljihu. Nomau ya ce takardarsa ce. Barmo ya ce ta zama ta kwamiti.

Laraba ta zo, Nomau bai sa an yi shela ba. Alhamis ma haka. Na samu kwana biyu a gonata, na nome gefen tudu. Ran Asabar gardi biyu sunka zo bisa dawaki sunka tafi da shi buro, ofishin hukuma. Bai ko sha furarsa ba.

Tun daga ranar ba mai jiran shela. Tsoro ya fi maroƙi murya. Laraba da Alhamis kowa na gonar kwamiti, har da ni, Barmo na tsaye yana duba wanda bai zo ba. Ba ya zagi, ba ya duka, shi ma yana noma, har ya fi kowa. Ya ce mini, "Inna, ba ke ke tafiya har fadama ɗibar ruwa ba?" Na ce ni ce, amma ruwa ba ya zama tuwo. Gefen kwari na gonata yanzu sai ka durƙusa kafin ka ga hatsi cikin ciyawa.

Takardarka ta biyu ta iso jiya ta hannun wani mai kanwa. Ban nuna wa kowa ba. Tana cikin tukunyar iri, na rufe da faifai. Ban san abin da ke ciki ba, ba kuma zan kai wa Barmo ya gaya mini ba. In gaisuwa ce, mun amsa. Kada ka sake aiko wata da bokon nan.

Ban ce ƙarya ka rubuta ba. Abin da na gane a ciki gaskiya ne. Amma kai ka faɗa daga Agiye, shi ya ɗauka a Garin Jaye.

Allah ya yi maka albarka. Ka ci abinci.


Garin Jaye, Juma'a, ƙarshen Muharram

Daga Nomau zuwa ga Chindo, ta hannun Malam Harouna.

Bayan gaisuwa, na dawo ran Litinin. Lafiya lau, gwiwa ce kawai ta ƙara. Ba a taɓa jikina ba. Shara na yi musu a filin buro kwana ashirin da uku.

Ka nemi amsa a rubuce. Ga ta, ko da ta makara.

Akwai abin da ba ka sani ba. Ba gwamnati ce ta zaɓi Laraba da Alhamis ba. Barmo kwana biyu kawai ya nema, ya ce mu zaɓa. Mu masu gida munka zauna, mu tara, ba wanda ya so a taɓa ranar gandunsa. Ni na fara cewa a ɗauki na gamana, tunda mata da samari ba sa zama a zaure. Kowa ya ce madalla. Da Barmo ke karanta zancen Tala, ba kwamiti na ji ana zagi ba, ni na ji. Na san Tala fiye da kai. Ya taɓa marina don na aiki matar ƙanensa kiran awaki ran Alhamis. Shi ya sa ban sa an yi shela ba, ba don manyan kalmominka ba.

A rana ta ashirin da biyu anka shigar da ni gaban mai buro. Yaro ne kamarka, da tabarau. Barmo na gefe, takardarka na bisa tebur. Mai buro ya tambaye ni wa ya koya mini ƙin umarni. Na ce gidan ubana. Na faɗa masa yadda gandu yake da yadda gamana take, na ce maigida ma da ya haifi mutum yana da ranar da ba ya kiransa.

Ya ce, "Ina aka rubuta wannan al'ada taku?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a rubuta ba. Naku umarnin fa, ina aka rubuta shi?"

Ya dubi Barmo. Barmo ya ce a taro anka faɗa, cewa kowane gari ya yi wani abu don ƙasa. Mai buro ya buɗe aljihun tebur ya rufe. Ashe babu takarda. Magana ce ta fito daga sama tana gangarowa, kowa ya karɓa ya ƙara mata nauyi, har ta iso kan Delu ta zama dole.

Hukuncinsa biyu ne. Gonar rijiya ta wanda ya ga dama ce, ba a sake duba wanda bai zo ba. Ni kuma, tunda na bari an karanta irin wannan takarda a zaurena, an karɓe garin an ba Audu ɗan ƙanen babana. Rawanin ban yi kukansa ba sosai. Na yi kaɗan.

Gonar Delu, gefen tudu ya tsira. Gefen kwari ya tafi, mun nome shi amma hatsin ya riga ya shaƙe, ba zai yi kai ba. Talatar nan na kwashe 'ya'yana daga gandu munka shiga gonarta, Litinin da Talata masu zuwa ma haka. Kwanakin da na ba da nata ne, da nawa zan mayar.

Barmo ya zo gaishe ni. Ban kore shi ba. Ba mugu ba ne, ya ga rijiyoyi a ƙasashen da ya yi soja, yana son garinsu ya samu. Na ce a kira gayya ran Lahadi, ranar gandu, ni zan ba da hatsin fura. Da ana dole, mutum sittin ke fita. Waɗanda sunka ce za su zo gayya sha ɗaya ne. To ga tambayata gare ka, mai dipilom: 'yancin nan naka da mutum sha ɗaya, yaushe zai gina rijiya? Mata har yanzu fadama suke zuwa.

Delu ta ba ni takardarka ta biyu. Tana nan a liƙe. Ba mai karanta mini ita sai wanda ya rubuta ta.


Agiye, Laraba 19 ga Yuli 1961

Zuwa ga Baba Nomau.

Gaisuwa irin ta ɗa ga uba. Na gode wa Allah da ya dawo da kai. Takardunku biyu limamin unguwarmu ne ya karanta mini, ina zaune a ƙasa a gabansa, domin ajamina bai wuce na ɗan shekara bakwai ba.

Na yi laifi biyu. Na farko, na aika wuta cikin ambulan ban tambayi hannun da zai buɗe ba. Na biyu yana cikin takardar da ke liƙe. Zan karanta maka ita da bakina, a zauren da aka karanta ta farko, ba zan tsallake kalma ko ɗaya ba. Akwai wata kalma a ƙarshenta da za ka ji, sannan ka yi mini hukuncin da ka ga dama.

Amma hujjata ban janye ta ba, kai ma ka ƙarfafa ta. Ka tambaye ni yaushe mutum sha ɗaya za su gina rijiya. Amsa ta gaskiya ita ce a makare, wataƙila shekara biyu, wataƙila uku, kuma a tsawon wannan lokaci Gwaggo za ta ci gaba da zuwa fadama. Ba zan ɓoye wannan tsada ba. Sai dai rijiyar mutum sittin an riga an fara biyanta da gefen kwarin gonar tsohuwa, ba kuma a tambaye ta ba. Idan aka gama ta da dole, gobe za a zo da wata manufa mai kyau a nemi Juma'a. Sa'an nan ka gyara lissafinka: mu sha biyu ne.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne tambayar mai buro. Ka tsira ne domin su ma ba su da takarda. Ran da suka zo da ita fa? Iyakar da ke cikin kan dattawa kaɗai, dattawa tara suna iya ɗage ta a zama guda, kamar yadda ka shaida da kanka. Saboda haka ina neman abu ɗaya. A tara masu gida tara ɗin nan, da Audu, da Barmo, a kuma kira mata su shigo daga bayan danga. Malam Harouna ya rubuta da ajami cewa Laraba da Alhamis na mai gamana ne, ba maigida, ba mai gari, ba kwamiti da ke da ikon kiran kowa a cikinsu sai da yardarsa. Kowa ya dangwala yatsa. Ni zan juya ta da boko idan na zo, a ajiye guda a masallaci, guda a tukunyar irin Gwaggo. Kuma kafin hutu ya ƙare zan zaunar da duk mai so ya koyi baƙaƙen boko, domin kada garin ya sake zama da makaranci ɗaya.

Zan iso ran Talata ɗaya ga Agusta. Laraba ina gefen tudun gonar Gwaggo wajen maimai, noma na biyu. Alhamis uku ga wata ƙasarmu ke cika shekara guda da mulkin kai. An ce za a yi maci da jawabi a nan, an ma sa sunana cikin masu magana. Na ba da uzuri. Ranar ta faɗo a kan ranar gamana, a gonar Gwaggo zan yi bikina.

Ina buƙatar amsa a rubuce, da ajami, kafin Lahadi 30 ga wannan wata, a kan abu biyu: ko masu gida sun yarda su dangwala, da kuma ko hauyar mahaifina tana nan, ko in sayo wata a hanya.

Ɗanka,
Chindo